Tikitin Maldif da Fasfona a Hannun Malam

Ƙarfe uku da kwata na yammacin wata Laraba al'amura suka fara karkace mini. Na riƙe lokacin ne domin agogon bango na ƙura wa ido, don kada in dubi ma'aikacin ofishin sayar da tikitin jirgi da ke unguwar Muhandisin a Alƙahira. Ya ɗaga kwafin fasfona sama kamar ya tsinci abin mamaki, ya ce da muryar da ta kai har bakin ƙofa, "Maldif? Ke? Mabruk, amarya! To ina angon?"

Na ce masa babu ango. Da Larabcin littafi na faɗa, irin wanda yake sa Misirawa murmushi, kuma a hankali, yadda na saba magana.

Ya jawo wata takarda mai ƙyalli ya shimfiɗa a gabana. Ɗakunan katako ne a tsaye a kan ruwa, ruwan shuɗi kamar an rina shi, ga wata mata da faffaɗar hula tana kallon nesa. Ya faɗi kuɗin 'yan kwanaki a can, adadin da tallafin karatuna ba zai kai shi ba ko na daina cin abinci har in gama digiri. Ni kuwa na tura masa 'yar takardar da na rubuto daga gida: jirgi kaza, rana kaza, wanda zai yada zango a wata ƙasar Larabawa kafin ya wuce.

"Wannan tikitin in kin fasa, kuɗinki ya tafi."

"Na sani."

"Za ki yi kusan yini guda a kan kujerar filin jirgi."

"Na sani."

"In kin sauka fa? Can teku ne, 'yan mata, babu mikrobas ko wata motar haya."

"Akwai jirgin ruwan gwamnati. Shi mutanen ƙasar suke shiga."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce tamam, ya fara buga sunana. Ina miƙa masa kuɗin na ji an yi gyaran murya a bayana, gyaran muryar da ba ta Misirawa ba.

"Ashe 'yan mata tafiya za a yi babu sallama?"

Hajiya mai kilo ce, zaune a kan benci da jakarta a cinya. Duk Bahaushen da ke unguwarmu ta Hayyus-Sabi' ya san ta. In ɗalibi zai tafi gida, ita take sayen nauyin kayan da tikitinsa ya ba shi, ta cika da abayoyi da turare da man habbatus-sauda, mutanenta su karɓa a Kano. Ta haka da yawa daga cikinmu suke rage tsadar tafiya. Saboda haka babu wanda yake sayen tikiti ba da saninta ba, kuma tafiyar da ta sani iri biyu ce, gida ko Umra.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon takarda mai ƙyallin nan da har yanzu take buɗe a kan tebur.

"Ikon Allah," ta ce. "Allah ya sa alheri."

Kafin mikrobas ya dire ni a unguwarmu, labarin ya riga ni isa.

Abin da Hajiya ba ta tambaya ba, kuma da ta tambaya da na gaya mata, shi ne dalilin tafiyar. Tun shekarata ta farko a Alƙahira nake ɗaki ɗaya da wata 'yar Maldif. Jami'a ɗaya muke, tana gabana da aji. Gajera ce, baƙa kamar ni, mai yawan dariya, kuma duk lokacin da wani ya zo daga ƙasarsu sai ɗakinmu ya cika da ƙamshin busasshen kifi. Ita ta koya mini cin kifi da kwakwa da barkono da sassafe, ni na koya mata miyar kuka, ta ce mini kamar ruwan tafki amma a ƙara mata. Lokacin da na kwanta zazzaɓi a hunturun farko, ita ta yi jinyata, ta riƙa kwafo mini darasi da rubutunta mai kama da sahun tsuntsu.

Mahaifinta masunci ne. Tsibirinsu, in ji ta, mutum zai zagaye shi da ƙafa tsakanin la'asar da magariba, ya dawo bai gaji ba. Akwai masallaci da makaranta da filin ƙwallo da shagon da ake sayar da komai. Da yamma sukan hango fitilun wani tsibirin, inda ɗakunan nan na kan ruwa suke. Yayanta a can yake aikin wanki da guga. Ita ba ta taɓa taka wurin ba.

"Mutane suna jin sunan ƙasarmu sai su dubi takalmina," ta taɓa ce mini. "Su ga irin nasu ne, sai ransu ya ɓaci."

A shekarar da nake magana ta gama karatu, za ta koma gida a yi mata aure. Ta ce in zo. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce innarta tana da gidan baƙi mai 'yan ɗakuna a tsibirin, za ta aiko da takardar masauki, ɗakin kuma kyauta ne. Abinci na gida ne. Daga babban birni zuwa tsibirinsu jirgin ruwan gwamnati bai fi kuɗin kwano biyu na koshari, abincin talakan Masar, ba, illa dai ba ya sauri, kuma ba ya tashi ran Juma'a. Tikitin jirgin sama kaɗai ne matsala.

Ni mutum ce da ba na iya ɗaga murya, amma in aka ba ni matsala irin wannan sai na ga bayanta. Ina koya wa 'ya'yan wasu baƙi karatun Alƙur'ani a unguwar Ma'adi, na daɗe ina ajiye abin da ake ba ni. Na bi farashin jirage har na gane ranakun da yake sauka. Na duba katin rigakafin ciwon shawara na tabbatar yana nan. Na zaɓi jirgin da ƙawata da sauran 'yan ƙasarsu masu komawa za su shiga, cikinsu har da wani magidanci da matarsa, wanda kuma zai sauka ran Litinin don kada mu makale a babban birni muna biyan otel. Duk da haka kuɗin bai kai ba.

Sai wata rana ina kallon ƙawata tana zaune a tsakiyar littattafanta, tana ware waɗanda za ta bari don nauyi ya yi mata yawa, tana shafa bayan kowanne kamar za ta yi kuka. Na ce mata, "Ku ba ku sayen kilo?" Ba ta gane ba. Na bayyana mata yadda muke yi. Ta fita ba ko takalmi ta buga wa maƙwabtanmu ƙofa. Kafin mako ya zagayo, ɗaliban Maldif da suka gama karatu sun saye nauyin jakata kakaf, littattafai zalla. Kowane kwali sai da na buɗe na duba da hannuna kafin in karɓa. Ni 'yar jakar hannu za ta ishe ni, kaya kala uku da hijabi. Da wannan kuɗin tikitin ya cika.

Abu ɗaya ya rage, fasfona. Yana wurin Malam.

Malam ɗan garinmu ne, Funtuwa, yana digirin digirgir a fannin hadisi. A hannunsa mahaifina ya danƙa ni lokacin da zan zo. Duk shekara yakan tara fasfon 'yan matan da ke ƙarƙashinsa ya kai a sabunta mana iƙama, wato izinin zama, don ya hutar da mu bin layi. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shi ya samo mana ɗaki, shi yake faɗa da mai gida in ya ƙara haya. Na san an gama sabuntawar, don wata ɗaliba ta karɓi nata. Niyyata in je in karɓa, in yi masa bayanin tafiyar a tsanake, da takarduna a jere. Hajiya ta riga ni.

Washegari bayan la'asar na hau benensu. Matarsa, da muke ce wa Anti, ta buɗe mini. Malam yana falo a tsakiyar littattafai, tabarau a goshi. Na gaishe shi, na ce na zo karɓar fasfona.

"Malama," ya ce, haka yake kiran kowaccenmu, "wai Maldif na ji?"

"E, Malam."

"Wa zai biya?"

"Na riga na biya."

"Na ce wa ya biya."

A nan na gane abin da ake faɗa a unguwa. Na fito da takardun ɗaya bayan ɗaya na jera a kan tabarma: tikiti, takardar masauki, katin gayyatar biki, sunayen waɗanda suka sayi kilo. Ya duba su da kyau, ban raina masa ba. Ya ce ya yarda babu wani namiji a ciki, shi ma bai yi zaton haka ba. Na ce ko batun muharrami ne, don na shirya amsa, tunda da ayarin ɗalibai na zo Masar ba da muharrami ba, yanzu ma da ayari zan tafi. Ya ɗaga hannu ya ce kada in ja shi muhawara, ba wannan ba ne.

"Wurin nan ba na irinmu ba ne. Wurin masu kuɗi ne da 'yan holewa. Ke 'yar tallafin karatu ce. Gobe a ce ɗalibar da ke hannuna an gan ta a bakin teku a Maldif, da wane baki zan yi bayani? Wa zai tsaya ya ji wai kilo kika sayar?"

"Malam, mutane ne a can, da masallacinsu."

"Ban musa ba. Ki bari in yi shawara."

Na san wannan kalmar. Shawarar Malam takan daɗe har abin da ake shawara a kansa ya wuce. Tikitina kuwa yana da rana, kuma ba a mayar da kuɗinsa. Ga littattafan mutane jibge a ɗakinmu har sun tare taga.

Na koma gida. Ƙawata ta dube ni ta gane. Ta ce ma'alish, ba komai, za ta yi wa 'yan ƙasarsu bayani, a mayar musu da kuɗinsu a hankali. Na ce kada ta gaya wa kowa komai.

Ban iya faɗa ba, ban iya kuka a gaban mutane ba, ban iya haɗa jama'a su je roƙo ba. Abin da na iya tun ina ƙarama shi ne zama wuri ɗaya da littafi. Shi na yi. Washegari bayan la'asar na sake hawa benen, na yi sallama, na gaishe da Malam, na ce, "Na zo karɓar fasfona." Ya ce ai ya gaya mini yana shawara. Na ce to. Na nemi gefen tabarma kusa da ƙofar kicin na zauna, na buɗe littafin balaga. Da aka kira magariba na rufe, na yi sallama, na tafi.

Jibi ma haka. Gata ma haka.

A gidan Bahaushe ba a korar baƙo, kuma ba a cin abinci a gabansa a hana shi. Na san da haka, ba zan ce ban sani ba. Falon nan kuwa shi ne ɗakin karatun Malam, nan yake rubuta kundinsa, nan abokansa suke zuwa hira. Da mace zaune a gefe, hirar ba ta sakewa. Su shigo da dariyarsu, su gan ni, su gyara zama, su sha shayi su tashi. Wani daga cikinsu ya ce, "Malam, ka samu sabuwar ɗaliba ke nan?" Malam ya ce, "Jarrabawa ce Allah ya aiko mini." Ban ɗaga kai ba. Na juya shafi.

Anti da farko haushi ta ji. Takan dire mini kwanon shinkafa da ɗan ƙarfi. Wata rana ta tsaya a kaina da ludayi a hannu.

"Ke ƙanwata, ba ki da ɗaki ne?"

"Ina da shi, Anti. Littattafai sun cika shi."

"To ni na ce ki zama jirgin dakon kaya?"

Ta koma kicin, na ji tana dariya ita kaɗai. Daga ranar ta fara miƙo mini albasa in yanka. Tana gyaran kaza tana yi mini tambayoyi ƙasa-ƙasa. Da gaske ruwan haka yake ko gyaran hoto ne? Su matan can me suke sawa? Amarya lalle ake yi mata? Na ce ban sani ba, abin da zan je in gano ke nan.

A waje kuwa magana ta yi nisa. A shagon da muke sayen garin masara wata ta ce mini, "Hajiyar Maldif, a tuna da mu in an shiga daula." Wata ta ce ta ji wani Balarabe ne ya kama mini ɗaki a kan ruwa. Na biya kuɗin garina na fita. Ita kanta Hajiya mai kilo ta tare ni a bakin masallacin mata.

"'Yan mata, abin da ya ba ni haushi, kilo talatin kika ɗauka kika ba bare. Ni nan me na yi miki?"

"Hajiya, kina da mai karɓar abaya a Maldif?"

Ta ce bakina ya fara buɗewa, lallai tafiyar nan ba ta alheri ba ce. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa mayar wa babba a rayuwata.

Ƙawata ta ce ba za ta zauna tana kallo ba. Ta sa baƙar abayarta, ta ƙunsa busasshen kifi a leda, ta bi ni gidan Malam. Ya karɓe ta da mutunci. Suka yi ta Larabci mai kyau, ya tambaye ta mazhabarsu, ta ce Shafi'iyya. Ya tambayi yadda suke ganin wata a tsakiyar teku, da inda suke samun ruwan sha. Ta nuna masa hoton gidansu a waya, ginin bulo da rufin kwano, ga igiyar shanya, ga mahaifiyarta zaune a kan wata kujerar raga tana goge kwakwa. Malam ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai kamar Funtuwa," ya ce.

"To ka ba ta fasfonta, ya shaikh."

Ya yi murmushi ya ce ita baƙuwa ce, ba ta san mutanenmu ba. Ya gode da kifi. Ya ce yana nan yana shawara.

A kan matakala ƙawata ta fashe da kuka, ta ce ita ta jawo mini. Na ce ta share hawayenta, ta je ta ci gaba da ɗaure kaya.

Ranar tafiya ta matso har an fara zuwa yi wa ƙawata sallama. Ran nan ina yanka albasa, Anti ta turo ƙofar kicin ta rufe.

"Zaman nan naki ba zai fisshe ki ba," ta ce. "Ya riga ya kira babanki tun makon jiya. Ya ce masa kina son zuwa yawon buɗe ido wani tsibiri na Turawa. Babanki ya ce duk abin da ya gani ya yi. Shi ke nan shawarar. Jira yake jirgin ya tashi."

Na ajiye wuƙar.

"Ni ban gaya miki komai ba," ta ce. "Albasar nan kuma ƙanana nake so."

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce to ai sai ki kira mahaifinki. Ni 'yar fari ce. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. In ya zama dole sai ya ce "ke", ko ya ce wa ƙannena "ku kira yayarku". Goggona ce ta raine ni, ta bakinta kuma duk wata buƙatata take isa gare shi, amsa ta dawo ta bakinta. Tun da na zo Masar, gaisuwar salla kaɗai ke haɗa mu a waya: ina yini, lafiya lau, ya karatu, alhamdu lillahi, sai ya miƙa wa wani. Ba ƙiyayya ba ce. Mutum ne mai gyaran keken ɗinki a kasuwa, kuma na san keken da ya sayar ya yi mini kuɗin fasfon nan da ake riƙe da shi. Kunya ce irin ta mutanen da, ni ma na gaje ta, na ƙara da tawa.

Na yi tunanin bi ta wurin Goggo. Amma na san yadda saƙon zai isa. Za ta tausasa shi, ta ce bikin ƙawa ne kawai, yarinya ba ta da laifi, a yi haƙuri. Wataƙila ma ya yi aiki. Sai dai na gaji da a riƙa yi mini bayani a bayan idona, kowa da irin labarin da yake bayarwa a kaina, Hajiya da nata, Malam da nasa.

Na wanke hannuna na fito falo. Malam yana rubutu. Na zauna a inda na saba, amma ban buɗe littafi ba. Na fito da waya na nemo lambar da ban taɓa kira da kaina ba. Na duba agogo, na san a gida yanzu ya dawo daga sallar azahar yana shago.

Ta yi ƙara har na ɗauka ba zai ɗaga ba.

"Salamu alaikum." Ina jin ƙarar kasuwa a bayansa, da wani yana gwada keke.

"Baba, ni ce."

Malam ya ɗago kai. Ya sauke tabaransa daga goshi.

Mahaifina ya ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau. Magana nake so in yi da kai."

"Goggonki ba ta nan ne?"

"Tana nan. Da kai nake so."

Na ji ya ce wa wani ya dakata da keken. Wurin ya yi tsit.

Na faɗa masa komai, ban tsaya ba. Yarinyar da muke ɗaki ɗaya, jinyar da ta yi mini, mahaifinta masunci, aurenta. Kuɗin koyarwa da na tara. Littattafan da zan yi dako. Jirgin ruwan gwamnati, da ɗakin innarta. Na ce ban ci bashin kowa ba, ban roƙi kowa ba, kuma fasfona yana hannun Malam, ga shi nan zaune yana jina.

"Biki ne ashe," ya ce. "Shi bai ce mini biki ba ne."

Da na yi shiru a nan, da magana ta ƙare. Malam ma ya buɗe baki zai ce wani abu, alamar zai sauko. Amma ban kira don in ɓuya a bayan biki ba.

"Biki ne, Baba. Amma ko babu bikin ina so in je. Ina so in ga wurin. An ce ba na irinmu ba ne, ni kuma ban ga abin da ya sa ba. Na tambayi kowa, babu wanda ya gaya mini. Shi ya sa nake tambayarka, in tafi ko kada in tafi?"

Anti ta leƙo daga kicin da ludayinta. Malam ya kafe ni da ido kamar yau ya fara ganina. A waya babu abin da nake ji sai numfashin mahaifina, da wani mai talla can nesa. Na duba wayar ko katin ne ya ƙare.

Sannan ya yi gyaran murya.

"Ni iyakata Legas, ita ma ban ga ruwan ba, a tasha na kwana na juyo. Ban san abin da zan hana ki gani ba. Ki ce wa Malam na gode da riƙon amana, ya ba ki takardarki, in da magana ya kira ni bayan la'asar." Ya ɗan tsaya. "Ke, jirgin ruwan nan da kika ce. Ki zauna a tsakiya, ki riƙe ƙarfe da kyau. Ba ki iya ruwa ba."